Farin Allo, Ko Yadda Na Zaɓi Ƙaramar Bindiga a Amurka

Mutumin da ke tsaye a bayan kanta bai bari na gama kallon bindigogin da aka jera cikin gilashi ba, sai ya jefo mini tambaya: "Me za ka yi da ita?" Na ce masa abu biyu nake nufi: in riƙa zuwa gasar harbi a ƙarshen mako, in kuma samu abin kare iyalina idan wani ya faɗo mana gida cikin dare. Ya yi murmushi irin na wanda ya sha jin wannan amsa, ya ce ashe bindiga biyu nake nema da kuɗin guda ɗaya. A ranar na ɗauka salon ciniki ne kawai. Sai da na shafe wata takwas ina zarya tsakanin filin koyon harbi da karatu da gardama da matata kafin na gane abin da yake nufi.

Abin da ya kai ni shagon ba wani babban al'amari ba ne idan aka auna shi da ma'aunin gida. Muna zaune a wata unguwa a arewacin jihar Virginia, ba nisa da birnin Washington. A wani dare na hunturu aka bi motocin layinmu aka farfasa gilasansu, aka kuma ɓalle ƙofar baya ta gidan maƙwabcinmu alhali yana barci a bene tare da 'ya'yansa. Ba a taɓa kowa ba, kwamfuta da jakar hannu kawai aka ɗauka. Amma aikina yakan riƙe ni a ofis har ƙarfe biyun dare, kuma a waɗannan darare matata ce kaɗai a gida da 'yarmu mai shekara huɗu, wadda ta ci sunan mahaifiyata muke kiranta Ummi. Tun daga wannan rana, duk sanda na shigo layinmu da tsakar dare sai na rage gudu ina duban ƙofofi.

Ni ɗan jarida ne. Na rubuta kalmar "'yan bindiga" sau ba adadi, na fassara rahotannin hare-hare, na yi hira da waɗanda aka harba da waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa, amma har na kai shekara talatin da 'yan kai hannuna bai taɓa ɗaukar bindiga ba. Wadda na sani tun ina yaro ita ce ta 'yan bindigar Sarki a hawan sallah a Kano, mai ƙara da hayaƙin albarushi, sai kuma wadda ke rataye a kafaɗar ɗan sanda a shingen hanya. Wannan ba abin mamaki ba ne. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka a gida tambayar wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa da kai ba ta ma tasowa. A Amurka kuwa gyara na biyu na tsarin mulki, wanda aka amince da shi a 1791, shi ne tushen zancen, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Heller cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. Mai takardar izinin zama na dindindin irina yana iya saya daga dillali mai lasisi idan ya kai shekara 21, ya cika takarda, aka bincika tarihinsa aka ga ba shi da laifin da ya hana. Sauƙin abin ma shi ya fara ba ni tsoro.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne lambobi. Za ka ji ana cewa 9, ana cewa .45, ana cewa .40 ko .38 ko .22, kamar ana kiran lambar waya. Duk suna nuni ne ga kaurin harsashi, wato faɗin ramin bututun da yake bi ya fita. Turawan Turai suna awo da milimita, Amurkawa da inci. Harsashin .45 kaurinsa ya ɗan haura milimita 11, na .40 milimita 10 ne, na .22 kuwa bai kai milimita 6 ba. Sunayen ma ba kullum suke faɗin gaskiya ba: harsashin .38 Special da na .357 Magnum kaurinsu ɗaya, kuma dukkansu kusan daidai suke da mai milimita 9. Bambancin yana cikin tsawon kwanso da yawan albarushin da aka ɗura. Da na gane haka sai na ga ashe duk hayaniyar da ake yi a kan milimita biyu ce, tazarar da ba ta kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Amma a kan waɗannan milimita biyu Amurkawa sun yi fiye da shekara ɗari suna musu, kuma musun yana da tarihi mai jini a ciki.

Ya faro ne daga Filifin. A farkon ƙarni na ashirin sojojin Amurka suna yaƙi da al'ummar Moro, Musulmin kudancin ƙasar, waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga sabon mai mulkin mallaka. Sojojin suka riƙa kai ƙorafi cewa libarbarsu mai harsashin .38 ba ta tsayar da mayaƙin da ya taso musu da takobi, sai a harbe shi ya ci gaba da zuwa. A 1904 rundunar ta sa aka yi gwaji a kan shanu a mayankar Chicago da kuma gawarwakin mutane, aka fitar da shawarar cewa kada harsashin soja ya gaza .45. John Browning ya ƙera bindigar da ta amsa wannan buƙata, aka karɓe ta a 1911, ta kuma zauna a ƙugun sojan Amurka har 1985, lokacin da Beretta mai milimita 9 ta maye gurbinta. Na daɗe ina juya wannan labari a raina. Harsashin da dattawan filin harbi suke yabo kamar gadon kakanni, an zaɓe shi ne don ya kayar da mutanen da ke kare ƙasarsu, masu salla irin tawa. Ban faɗa wa kowa a filin ba, amma duk sanda aka miƙo mini irin wannan bindiga sai abin ya faɗo mini.

Shi kuwa mai milimita 9 ɗan Jamus ne. Georg Luger ya fito da shi a farkon shekarun 1900, sojan ruwan Jamus suka karɓe shi a 1904, sojan ƙasa a 1908, daga baya ya zama harsashin ƙananan bindigogi na ƙungiyar tsaro ta NATO. Amurkawa da yawa sun daɗe suna yi masa kallon raini, a ganinsu ɗan siriri ne, na baƙi ne.

Abin da ya ƙara wa rainin ƙarfi ya faru ne ranar 11 ga Afrilu, 1986, a Miami. Jami'an hukumar FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukkansu tsofaffin sojoji. Musayar wutar ba ta kai minti biyar ba, amma an kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, an raunata biyar. Tun a farkon faɗan Dove ya sami Platt da harsashi mai milimita 9. Harsashin ya ratsa damtsensa na dama, ya shiga ƙirji, ya huda huhu, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya kai ga zuciya. Rauni ne da zai kashe shi a ƙarshe, amma bai hana shi ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa ba, kuma bayan wannan raunin ne ya kashe jami'an biyu. Sai da aka harbe shi sau goma sha biyu. Binciken gawa bai nuna ya sha wata ƙwaya ba.

Hukumar ta ɗora babban kaso na laifin a kan harsashin. Ta kafa sabon ma'auni: dole harsashi ya nutse tsakanin inci 12 zuwa 18 cikin wani daskararren sinadari mai taushi irin na tsokar mutum, har bayan ya ratsa tufafi ko gilashin mota. Ta koma ga harsashi mai milimita 10, mai ƙarfi ƙwarai. Sai aka tarar jami'ai da yawa ba sa iya sarrafa shi, aka rage masa albarushi. Kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka ga cewa tunda an rage albarushin, ana iya gajarta kwanson, a haka aka haifi .40 a 1990, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye ƙugun 'yan sandan Amurka. Bayan kusan shekara ashirin da biyar, a 2014, sashen horaswa na FBI ɗin nan ya fitar da takarda yana ba da shawarar a koma ga milimita 9. Hujjojinsa su ne an inganta ƙirar harsasai har sun cika wancan ma'auni, likitocin tiyata ba sa iya bambance raunin 9 da na .40 ko .45, kuma jami'an tsaro suna kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na harbin da suke yi a lokacin artabu. Tunda haka ne, gara harsashin da ya fi sauƙin saiti, wanda bindiga ke ɗaukarsa da yawa, mai arahar da za ta sa a yawaita atisaye. A 2016 hukumar ta ba kamfanin Glock kwangilar bindigogi masu milimita 9. An yi doguwar tafiya an dawo inda aka tashi.

Wancan adadi na kashi 70 zuwa 80 shi ya tsaya mini a rai, ba zancen inci ba. Waɗannan mutane ne da aka horar, aikinsu ke nan. To ni fa?

Amsar na same ta a filin koyon harbi, inda ake ba da hayar bindigogi kamar yadda ake ba da hayar keke. Malamin da ya koya mini, wani dattijo tsohon ɗan sanda, ya ƙi ba ni komai a ranar farko sai mai harsashin .22. Ƙararta kaɗan ce, ba ta motsi a hannu, kuma a tazarar mita bakwai na tara ramuka wuri ɗaya har na fara jin kaina. Mako na biyu ya ba ni mai milimita 9, na uku ya ba ni .40 da .45. A nan na san abin da ake kira shurin bindiga, wato yadda take tokarar hannu ta ɗaga hanci sama idan harsashi ya fita. Na .45 turi ne mai nauyi, a hankali, kamar a ture ka da kafaɗa. Na .40 kuwa fizga ce mai kaifi, ita ce ta fi ba ni wahala. Matsalar ba zafin hannu ba ce. Jiki ne yake koyon tsoron shurin, sai ya riga shi, ya danna hancin bindiga ƙasa daidai lokacin da yatsa ke jan kunama. Dattijon ya tabbatar mini da haka ta wata dabara: ya cusa harsashin roba wanda ba ya tashi a tsakiyar na gaske ba tare da na sani ba. Da na ja kunama a kansa, babu ƙara, babu shuri, amma na ga hancin bindigar ya duƙa da kansa kamar mai gaisuwa. Ya ce wannan cuta ce da ba ta da magani sai harbi dubbai, kuma wanda ya sayi harsashi mai tsada ba zai yi dubban ba. A shagunan nan kwalin .45 ya fi na milimita 9 tsada nesa ba kusa ba, .22 kuwa shi ne mafi araha. Zancen kauri ya ƙare a wurina a wannan rana: milimita 9.

Saura ƙirar bindigar, kuma a nan maganar mai shago ta fara bayyana.

Gasar da na shiga irin wadda ake kira harbin aiki ce, ta bambanta da ta wasannin Olamfik inda mutum ke tsayawa cak da hannu ɗaya yana harba bindigar iska a mita 10 ko .22 a mita 25. An kafa ƙungiyarta ta duniya, IPSC, a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, kuma takenta kalmomi uku ne na Latin masu ma'anar daidaito da ƙarfi da sauri. Reshenta na Amurka shi ne USPSA. A wannan gasa ana shirya fili da katangu da tagogi da alluna na kwali, na'ura ta yi ƙara, ka zaro bindiga daga kube, ka ruga kana harbi kana sauya gidan harsasai. Ana raba makin da ka samu da daƙiƙun da ka ɓata. Tsakiyar allo maki biyar ne. Gefensa kuwa ya danganta da ƙarfin harsashinka, kuma a nan ne tsohon musun kauri ya shiga cikin dokar wasa. Ana ninka nauyin harsashi, a ma'aunin da suke kira giren, da gudunsa a ƙafa cikin daƙiƙa, a raba da dubu. Wanda ya kai 165 yana babban aji, wanda ya kai 125 yana ƙaramin aji. Harsashi mai milimita 9 na kasuwa, mai nauyin giren 124 da gudun ƙafa 1,100, yana ba da 136, ƙaramin aji ke nan. Mai babban aji yana samun maki huɗu a da'irar da ke bin tsakiya, mai ƙarami uku. Amma a rukunin bindigogin da ba a yi wa kwaskwarima ba, inda sababbi ke farawa, kowa a ƙaramin aji ake lissafa shi ko da me ya harba, saboda haka ɗaukar .40 a can wahalar da kai ne kawai.

Abin da ɗan gasa ke so a bindiga shi ne nauyi, da tsawon bututu, da kunama mai laushi. Nauyi yana shanye shuri, tsawo yana sauƙaƙa saiti. Shi ya sa za ka ga CZ Shadow 2 a hannun mutane da yawa, bindigar ƙarfe zalla ƙirar Jamhuriyar Cek, mai nauyin kusan kilo ɗaya da giram ɗari uku. Wani abokin gasa ya ara mini tasa, na harba, na ji kamar an sauke ni daga akori-kura an sa ni a marsandi. Amma wanda ke son ya ɗauki bindiga a jikinsa duk yini yana neman akasin haka: ƙarama, marar nauyi, wadda riga za ta rufe. SIG P365, wadda ta fito a 2018, nauyinta kusan rabin kilo ne, tana ɗaukar harsashi goma, tana ɓacewa a ƙugu. Na gwada ta ita ma. Harsashi iri ɗaya ne da na Shadow, amma a cikinta sai ya zama kamar wani daban, tana tsalle a hannu, ƙaramin yatsana ma ba shi da wurin zama. Kunama mai laushin da ke ba ɗan gasa nasara kuma ita ce abin tsoro a hannun mutumin da ya farka a firgice ƙarfe uku na dare.

Tsakanin waɗannan biyu akwai Glock, wadda ba mai yabon kyanta. Gaston Glock ɗan Ostiriya ne, injiniyan da ke ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, bai taɓa yin bindiga ba kafin farkon shekarun 1980, lokacin da ya fito da mai gangar jiki ta roba mai ƙarfi, sojan ƙasarsa suka karɓa. Glock 17 tana ɗaukar harsashi 17, Glock 19 ta ɗan fi ta gajarta tana ɗaukar 15 da nauyin da bai kai giram ɗari bakwai ba, Glock 34 kuwa an tsawaita ta musamman don gasa. Ba ta da wani maɓallin kariya da za ka tuna ka kawar, kariyarta tana cikin kunamar kanta da cikin injinta. Wannan alheri ne ga wanda ya rikice, haɗari ne ga wanda yatsansa ba shi da tarbiyya. Na kuma duba libarba, saboda dattijon yana ƙaunarta: ba ta cika cijewa ba, amma harsashi biyar ko shida take ɗauka, kunamarta tana da tauri, kuma matata da ta gwada ta da kyar ta iya ja.

Da Glock 17 ta aro na shiga gasata ta farko, wata Asabar da safe, a wani fili da ke bayan gari. Kafin a fara alƙalin fili ya karanta mana dokoki, kuma sun fi na kowane wasa da na sani tsanani. Idan bakin bindigarka ya juya ya wuce layin da ke raba gaba da baya, an kore ka daga gasar ranar. Idan yatsanka yana kan kunama kana gudu ba tare da kana harbi ba, an kore ka. Ba a jayayya. Na ga an kori wani mutum mai furfura wanda ya fi shekara ashirin yana wasan, ya tattara kayansa ba tare da ya ce uffan ba, ya dawo yana taya mu liƙe ramukan alluna. A cikin allunan masu launin ƙasa da ake so ka harba, ana cusa wasu farare. Farin allo yana wakiltar wanda ba ruwansa. Idan ka taɓa shi, an cire maka maki goma.

A zagaye na uku aka jingina wani farin allo ya rufe rabin na harbi, a tazarar da ba ta wuce mita bakwai ba, daidai tazarar da na saba tara ramuka wuri ɗaya. Na'ura ta yi ƙara. Abin da na iya tunawa shi ne numfashina da bugun zuciyata, da yadda hannuwana suka zama kamar na aro. Da na gama, alƙali ya bi alluna yana kiran maki, ya tsaya a gaban farin ya ɗaga yatsu biyu. Ramuka biyu, ɗaya a inda kafaɗa za ta kasance, ɗaya a ƙasa kaɗan. Mutane suka yi dariyar zumunci, wani ya dafa ni ya ce kowa da haka ya fara. Ni kuwa ina tsaye ina lissafi. Rana tsaka ce. Na yi barci na ƙoshi, na karya kumallo, na zagaya filin sau uku kafin a fara, na san inda kowane allo yake. Ba wanda ke harbina. Abin da ya tsorata ni bai wuce ƙarar wata 'yar na'ura da idanun mutum goma sha biyu ba. Na tuna faɗin barandar benenmu, na tuna ɗakin Ummi yana ƙarshenta, kuma bangon gidajen nan ba na bulo ba ne irin namu, allon farar ƙasa ne a kan katako wanda harsashi ke ratsawa ya wuce ɗaki na gaba. Ko harsashi mai kogo a tsini, wanda aka ƙera don ya buɗe ya tsaya a cikin jiki, idan ya kuskure jikin ba abin da zai hana shi keta irin wannan bango.

Da na koma gida na ba matata labari. Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga raunin harsashi da idonta fiye da yadda na gani a hoto. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Abban Ummi, ni ɓarawon bai dame ni kamar wannan yarinyar ba. Ka san ba abin da take bari a inda aka ajiye shi." Ta tuna mini abin da ya faru a Newport News, a jiharmu, a watan Janairun 2023, inda yaro ɗan shekara shida ya ɗauki bindigar mahaifiyarsa mai milimita 9 ya je makaranta ya harbi malamarsa a aji. Ni na rubuta labarin a lokacin, ban kawo shi kusa da kaina ba. Dokar Virginia ta mai da barin bindiga a ɗure inda za ta jefa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 cikin haɗari laifi, amma doka ba ta san dogon hannun Ummi ba, wadda ta taɓa jan kujera ta hau ta ciro maganin tari daga saman firji. Akwai kuma alƙaluman da masu shago ba sa kawowa. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Mu baƙi ne a ƙasar da hunturunta ke da tsawo, ba dangi a kusa, kuma na san gidajen da baƙin ciki ya shiga bai yi sallama ba. Ba na jin wani daga cikinmu yana kan wannan hanya, amma su ma waɗancan dubban ba a rubuce yake a goshinsu ba.

Ban yarda da masu cewa bindiga a gida ba ta taɓa ceton kowa ba, akwai waɗanda ta ceta. Ban kuma yarda da abokan gasata masu ganin cewa wanda ya iya filin Asabar ya shirya wa dare ba. Gasar tana koya maka riƙo da zaro da sauya gidan harsasai, tana koya wa yatsa zama a wajen kunama, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta koya maka gane ko inuwar da ke kan matakala ɓarawo ne ko matarka ce ta sauko shan ruwa. Wata ƙungiyar, IDPA, wadda aka kafa a 1996, ta yi ƙoƙarin matso da wasan kusa da zahiri, tana sa a rufe bindiga da riga a kuma fake a bayan katanga, amma ita ma da rana ake yinta, kuma allunanta ba sa kuka.

Mahaifiyata ta ji labarin ta bakin ƙanwata. Ta kira ni a waya, kuma da yake ni ɗan fari ne ba ta ambaci sunana ba, ta ce, "Kai, yanzu abin da ka je yi ke nan a can?" Na ce, "Hajiya, wasa ne, kamar ƙwallo." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya tsare, ta sauya magana zuwa tsadar shinkafa.

A ƙarshe Glock 17 na saya. Ta yi wa aljihun riga girma, ta gaza Shadow daɗin harbi, amma hannuna ya saba da ita, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma matata ta iya sarrafa ta a 'yan lokutan da ta yarda ta bi ni fili. Ban nemi izinin ɗaukarta a jiki ba, ko da yake jihar tana bayarwa bayan an halarci darasi. Sharaɗin matata shi ne akwatin ƙarfe ya riga bindigar shigowa gida, kuma haka aka yi: an ɗaure shi da kusoshi a cikin kabad ɗin ɗakinmu, yana buɗewa da lambobin da mu biyu kaɗai muka sani, harsasai kuma suna wani akwatin daban. Na auna da agogo, daga gado zuwa bindiga a ɗure ina ɗaukar kusan daƙiƙa arba'in, a farke, da fitila a kunne. Abokan gasata sun ce wannan ya yi yawa, ɓarawo ba zai jira ni ba, kuma gaskiyarsu ne. Kuɗin da na so in ƙara in sayi Shadow na kashe su wajen sauya ƙofar baya da mai ƙarfe, da fitilar da ke kamawa idan an gifta, da ƙararrawa.

Ina zuwa gasa sau biyu a wata. A cikin mutum arba'in da wani abu nakan zo na talatin, ran da na yi sa'a na ashirin da takwas. Wancan farin allon na roƙi alƙali ya bar mini, yana jingine a gareji bayan keken Ummi. Makon jiya ta gan shi, ta zura yatsa a ɗaya daga cikin ramukan ta tambaye ni wa ya ɓata shi, na ce mata ni ne.